Saura Kwana Ɗaya

Ƙanena ya same ni bayan magariba a teburin mai shayi da ke mararrabar Yashe, inda hanyar Malumfashi ta haɗu da titin Kano zuwa Katsina. Bai ko zauna ba ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Saura kwana tara ya cika shekara yana horar da 'yan ƙwallon wata kwaleji a kan kwantiragi, sai ga takardar sallama.

"Yaya, duba kwanan watan nan," in ji shi. "Wata goma sha ɗaya ba wanda ya ce mini kanzil. Me ya sa sai yanzu?"

Na haska takardar da fitilar waya, na karanta sau biyu. Sai na tuna da wani koci a can Amurka wanda ya yi shekara goma sha uku yana wannan tambayar. Na ce wa ƙanen nawa ya zauna, na sa aka haɗa masa shayi, domin labarin mutumin nan shi zai nuna mana inda za mu duba a tasa takardar.

Sunansa Mike Leach. Ƙwallon da yake koyarwa irin ta Amurkawa ce, mai siffar ƙwai, wadda ake rungumewa a ruga da ita sanye da hular kwano. A can, wasan jami'o'i babbar kasuwa ce. Filin Jami'ar Texas Tech da ke garin Lubbock yana cin mutum sama da 50,000, kuma albashin koci ya kan ninka na shugaban jami'ar. Leach lauya ne ta fuskar karatu, bai taɓa buga wa wata jami'a wannan wasa ba, amma daga 2000 zuwa 2009 ya ci wasa 84, aka cinye shi 43. Babu kocin da ya taɓa kawo wa makarantar nasara mai yawan haka. A watan Nuwamban 2008 yaransa suka doke Jami'ar Texas, wadda ke kan gaba a duk ƙasar a lokacin, da ci 39 da 33 ana dab da tashi.

Ranar 30 ga Disamban 2009 aka kore shi. Saura kwana uku ƙungiyarsa ta buga wasan rufe kaka da Jami'ar Michigan State. Lauyansa, Ted Liggett, yana harabar kotu a Lubbock yana jiran a kira ƙarar da suka shigar aka miƙa masa takardar. Wace jami'a ce za ta kori mutumin da ke cika mata fili, a irin wannan lokaci, kuma a ƙofar kotu?

Amsar da jami'ar ta bayar ita ce maganar wani ɗalibi. A tsakiyar Disamba wani ɗan wasa ya bugu a kai wajen atisaye, likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta ɗan girgiza. Da ya zo fili washegari sanye da baƙin tabarau, Leach ya sa aka kai shi wani wuri mai duhu inda ake ajiye kayan wasa, ya yi tsayuwar sa'o'i. Bayan kwana biyu aka sake kai shi wani ɗakin. Iyayen yaron suka kai ƙara wajen hukumar makaranta. Ɓangaren Leach suka ce hasken rana ake kare shi daga gare shi, kuma wuraren masu faɗi ne. Iyayen suka ce wulaƙanci ne da horo. Ranar 28 ga wata aka dakatar da kocin, bayan an nemi ya sa hannu a wata takarda mai sharuɗɗa kuma ya ba da haƙuri, ya ƙi.

Ni dai a ganina Leach bai kyauta ba. Yaron da kansa ya bugu gida ake tura shi ya kwanta, ko da kuwa koci na zargin lalaci ne ke damunsa. Wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane ba shi da hurumin gwada musu zafin rai a kan lafiyarsu. Sai dai wannan amsa ba ta rufe maganar ba. Uban yaron, Craig James, tsohon ɗan wasa ne kuma mai sharhi a tashar ESPN, tashar da ta fi kowace yaɗa labarin, har ya ɗauki wani kamfanin hulɗa da jama'a haya a kan batun. Sannan duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ladabtarwa na makaranta ya san bincike irin wannan ya kan ci makonni. Tunda an riga an dakatar da kocin, ɗalibai sun kuɓuta daga hannunsa. Gaggawar mece ce ta sa daga dakatarwa zuwa kora kwana biyu kacal?

Nan ne kwanan wata ya shigo. A kwantiragin Leach akwai wani sharaɗi: idan ranar 31 ga Disamban 2009 ta same shi yana kan kujerarsa, jami'a za ta ba shi dala 800,000, tukuicin daɗewa a aiki. An kore shi ranar 30.

Ƙanena ya ajiye kofi. "To ai shi ke nan, Yaya. Kuɗin ne."

Na ce masa biri ya yi kama da mutum, amma ya ƙara haƙuri. Jami'ar da ta yarda ta biya mutum dala miliyan 12.7 a shekara biyar, kamar yadda kwantiragin ya tanada, ba za ta jefar da kocin da ke tara mata 'yan kallo don 800,000 kaɗai ba. Kuɗin sun bayyana dalilin zaɓen ranar. Dalilin son rabuwa da shi kuwa sai an tona gaba.

Akwai wata kalma a takardar korar da ta fi kwanan watan tsada. An rubuta cewa an sallame shi ne bisa laifi. A irin wannan kwantiragi ƙofar fita biyu ce. Idan hukuma ta gaji da kai kawai, tana da ikon ta ce ka tafi, amma sai ta biya ka diyya, kuma a takardar Leach diyyar dala 400,000 ce a kan kowace shekara da ta rage, shekara huɗu ke nan, dala miliyan 1.6. Idan kuwa ta ce laifi ka yi, ko sisi ba ka bin ta bashi. Shi ya sa takardar ban haƙurin nan take da muhimmanci. Da ya sa hannu, ya amsa laifi da alƙalaminsa. Da ya ƙi, sai aka ce ya bijire wa na gaba da shi, wanda shi ma laifi ne. Leach lauya ne, ya ga tarkon, amma ganin bai fitar da shi ba.

Saura a san tun yaushe ake neman ƙofar. Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen 2008, bayan kakar da ya ci wasa 11, Leach ya je ya gana da Jami'ar Washington a kan aikin koci. Manyan Texas Tech suka ji zafin abin. Da aka zauna sabunta kwantiragi sai ciniki ya zama rigima: jami'a ta cusa sababbin sharuɗɗa, ciki har da na hukunta shi idan ya sake neman aiki a wani wuri ba da izini ba, wakilansa suka ƙi, aka yi ta musayar zafafan wasiƙu da daraktan wasanni Gerald Myers har jaridu suka ɗauka. Sai a watan Fabrairun 2009 aka sa hannu, bayan Leach ya zauna da Kent Hance, shugaban rukunin jami'o'in. Hance gogaggen ɗan siyasa ne, shi ne ya kayar da George W. Bush a zaɓen majalisar wakilai na 1978, kuma irinsu ba sa manta wanda ya ja da su a bainar jama'a.

Bayan korar, jaridar Dallas Morning News ta wallafa saƙonnin imel na lokacin wancan ciniki. A ciki akwai na wani attajiri mai tallafa wa jami'ar, tsohon ɗan hukumar gudanarwarta, Jim Sowell, yana nuna wa Hance fatansa kada Leach ya sa hannu, don a samu damar korarsa bayan kaka mai zuwa. Kusan shekara guda ke nan kafin wani yaro ya bugu a kai. Saƙon mutum ɗaya ba ya tabbatar da cewa an ƙulla makirci, kuma jami'ar ta tsaya kan cewa halin Leach ne ya kore shi. Amma ya nuna maganar rabuwa da shi tana yawo a manyan ofisoshi tun tuni. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki.

Har yanzu da sauran ƙulli ɗaya, kuma shi ya fi ɗaure mini kai lokacin da na fara bin labarin. Jami'a tana da lauyoyi. Sun san korar mutum ana gobe za a biya shi abu ne da kowane alƙali zai kalla da alamar tambaya. Sun san akwai saƙonnin nan, kuma dokar jihar ta ba 'yan jarida damar neman su. Me ya ba su ƙarfin hali?

Shari'ar ce ta warware shi. Leach ya kai ƙara kan saɓa yarjejeniya. A 2010 alƙalin Lubbock ya yarda a saurari ƙarar. Jami'a ta ɗaukaka, kuma a watan Janairun 2011 kotun ɗaukaka ƙara da ke Amarillo ta ce ba za a iya neman kuɗi daga Texas Tech ta wannan hanya ba. Texas Tech jami'ar gwamnatin jiha ce, kuma a dokar Texas gwamnati tana da rigar kariya da aka gada daga tsohuwar ƙa'idar Ingila cewa ba a kai sarki ƙara a kotunsa sai da yardarsa. Ko da hukumar gwamnati ta sa hannu a kwantiragi, ba za ka iya gurfanar da ita kan saɓa shi ba sai majalisar dokokin jiha ta ba ka izini. A watan Fabrairun 2012 Kotun Ƙolin Texas ta ƙi sauraren ɗaukakar Leach. An gabatar da buƙatar izinin a majalisa, ba ta wuce ba.

Abin lura a nan, babu kotun da ta taɓa zama ta auna ko korar bisa laifi ce ta gaskiya ko ƙage. Ba a kai ga wannan tambaya ba sam. Shafukan da aka shafe watanni ana ciniki a kansu, da diyyar 400,000, da tukuicin 800,000, duk suna ɗaure Leach, amma ba su da igiyar ɗaure jami'a. Mai yiwuwa Leach ya cancanci hukunci a kan yaron nan. Ni abin da ba na iya haɗiyewa shi ne ɓangare ɗaya ya zama mai ƙara, ya zama alƙali, sannan ya riƙe mabuɗin kotun a aljihunsa.

Leach ya koma aiki a Jami'ar Washington State daga 2012 zuwa 2019, sannan Mississippi State. Bai daina cewa yana bin Texas Tech kimanin dala miliyan 2.5 na shekarar 2009 ba, shekarar da ya yi musu aiki har kusan ranar ƙarshe. Ya rasu ranar 12 ga Disamban 2022 yana da shekara 61, ba a biya shi ba.

A nan gida mun ga ɗaya fuskar. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta sallami Gernot Rohr a Disamban 2021, ya kai kuka FIFA, kuma a 2022 aka umarci hukumar ta biya shi kimanin dala 378,000. Ya samu wannan hukunci ne saboda akwai wata hukuma sama da wadda ta ɗauke shi aiki, mai iya hukunta ta idan ta ƙi. Kocin kwaleji ko malamin wasanni a Kankiya ko Kusada ba shi da FIFA. Yana dai da abin da Leach bai samu ba: Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraren rikicin aiki ko da hukumar gwamnati ce, kuma tana da reshe a Kano. Wahalar tamu tana gaba, wajen karɓar kuɗin, domin sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotuna ya ce sai da izinin Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Mutane da yawa sun ci shari'a sun tsufa da takardar hukunci a cikin akwati.

Na ce wa ƙanena ya kawo kwantiragin nasa. Ya hau babur ya je gida ya ɗauko, shafi uku ne, an buga da na'ura an manna da ƙusar takarda. Muka bi shi layi layi yadda muka bi na Leach, tireloli na wucewa suna kaɗa mana shafukan. A shafi na biyu muka ga kuɗin sallama na wata uku, ga wanda ya cika shekara cif. A takardar korar muka ga an rubuta rashin ɗa'a, ba tare da an faɗi abin da ya yi ba, ba kuma a taɓa ba shi takardar tuhuma ko kiransa gaban kwamiti ba. Na tambaye shi ko ya taɓa saɓawa da wani babba a makarantar. Ya yi shiru, sannan ya ce a zangon farko ya ƙi sa hannu a takardar kuɗin rigunan wasa da ƙwallaye da bai ga sun iso ba.

"Kana da shaida?"

"Na ɗauki hoton takardar a waya, Yaya."

Na ce ya tura mini a take, kada wayar ta faɗa ruwa ko ta ɓace. Na kuma ja masa kunne kada ya sa hannu a komai, ko da an ce masa ban haƙuri ne kawai za a rufe magana. Da asuba na raka shi bakin titi da takardun a cikin leda, da lambar wani lauya abokin karatuna a bayan ambulan. Motar farko da ta tsaya ta Kano ce, saura mutum ɗaya ta cika, ya shiga.