Haidirojin Daga Asid ɗin Tururuwa: Wahalar Tana Wajen Tacewa

Motar da ke aiki da haidirojin, ruwa kawai take fitarwa ta salansa. Jigilar iskar ce jidali. Sai an matse ta a tanki da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 700, ko a sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifili kafin ta zama ruwa.

Shi ya sa masana ke ɓoye ta cikin sinadarai masu ruwa-ruwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne asid ɗin fomik, wanda wasu tururuwai ke fesawa don kare kansu. Lita ɗaya na ɗauke da kimanin giram 53 na haidirojin. A 2008, ayarin Gabor Laurenczy a Suwizalan da na Matthias Beller a Jamus suka nuna cewa ƙarfen rutiniyom na iya sa asid ɗin ya saki iskar ba tare da zafi mai yawa ba.

Sai dai ba ita kaɗai take fitowa ba. Kowane kilo na haidirojin yana zuwa da kilo 22 na iskar kabon dayoksaid. Na'urar da ke mayar da haidirojin wutar lantarki a mota kuwa tsirfa gare ta: ƙa'idar duniya ta ce tsarkin iskar ya kai kashi 99.97 cikin ɗari. Dole a tace.

Tsohuwar dabara, tun 1930, ita ce a bi da iskar cikin ruwan sinadarin amin, ya riƙe kabon, haidirojin ya wuce. Wasu kuma suna amfani da siririn fallen ƙarfen faladiyom, wanda ke aiki kamar rariya, haidirojin kaɗai ke ratsa shi, amma tsadarsa ba a magana. A cibiyar AIST ta Japan, masana sun bar asid ɗin ya saki iskar cikin rufaffen tanki har matsi ya yi yawa, sannan suka sanyaya ta, kabon ya zama ruwa ya ware.

Aikin ba baƙo ba ne ga masana'antun takin zamani, irin na Dangote a Legas, inda ake raba kabon da haidirojin a yi yuriya da kabon ɗin. Bambancin shi ne can fili ne da makamashi a wadace, saɓanin mota. Ruwan amin sai an dafa shi ya haura digiri 100 kafin ya saki kabon da ya kama, kuma wannan wutar daga ribar haidirojin ɗin ake cire ta.