Yaƙin Baki: Yadda Ake Aron Muryar Jama'a

A da, mai farfaganda a fili yake aikinsa. An san gidan rediyonsa, an kuma san ƙasar da ta aiko shi. A zamanin intanet kuwa, sai ya ɓoye kansa, ya ari bakin mutanen da yake so ya raba, ya yi musu magana tamkar ɗan'uwansu. Abin da ya auku a birnin Houston, cikin jihar Texas ta Amurka, ya isa misali ga kowane ɗan ƙasa.

Ran 21 ga watan Mayu, 2016, taron mutane biyu suka ja daga a bakin wata cibiyar Musulunci ta birnin, suna yi wa juna ihu. Taro na farko wani shafin Facebook mai suna Heart of Texas ne ya kira shi, wai a fito a hana Musulunci mamaye jiharsu. Na biyu kuma shafin United Muslims of America ne ya kira shi, wai a fito a kāre ilmin addini, a wuri guda, a rana guda. Sai a watan Nuwamba, 2017, kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai kula da harkokin leƙen asiri ya bayyana cewa shafukan nan duka biyu hannu ɗaya ne ke juya su, watau kamfanin Internet Research Agency da a lokacin yake birnin St Petersburg na Rasha.

Abin lura shi ne, gwanintar ba a ƙirƙiro sabuwar ƙarya take ba. Mai shafin ya daɗe yana lallashin kowane ɓangare da kalmomin da suka saba ji a gida, yana yabon jiharsu ko addininsu, har suka sakankance nasu ne. Kalmar da ta fi yi masa aiki ita ce "mu", domin da zarar an ce "mu", to, an riga an samar da "su". Daga nan sai ya sosa wa kowa inda yake masa ƙaiƙayi, ya nuna masa cewa abin da yake tsoro ya iso bakin ƙofa, babu sauran lokacin tambaya. Wanda aka gaggauta kuwa ba safai yake binciken mai maganar ba.

Shugaban kwamitin a lokacin, Sanata Richard Burr, ya ce kuɗin da aka kashe wajen tallata tarurrukan biyu bai wuce kimanin dala 200 ba.