Daga Kwatar Ƙofar Gidanka Zuwa Teku: Tattakin Yamma a Kudancin Kaduna

 Yau ba baƙo, ni da ku ne kawai, kuma tattaki za mu yi.

Ranar Asabar bayan la'asar na ajiye babur, na ce bari in bi wata babbar kwata a ƙafa daga Kakuri, in ga inda take kai ruwanta. Shekara da shekaru ina tsallake ta, ban taɓa tambayar kaina ina ta nufa ba.

Farkon abin da za ka wuce shi ne tsofaffin masaƙu. A nan aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, daga baya irin su Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Iyayenmu da dama a nan suka ci abinci. Manyan magudanan ruwan Kakuri da Makera su ne suke kwashe ruwan masana'antu da na unguwanni su kai Kogin Kaduna. Yau yawancin masaƙun sun yi shiru, amma kwatar ba ta huta ba. Abin da take ɗauka ne ya ƙaru: ledar fiya wata, robar lemo, ruwan wanki, baƙin man gareji, har da bututun bayan gida da wasu suka saki a ciki.

Daga nan na bar titi na kama 'yar siririyar hanyar ƙafa ta bayan gidaje, wajen Nasarawa, har na gangara bakin kogi. Wallahi wurin da kyau. Iska mai sanyi, masu kwale-kwale, masu ɗiban yashi, yara suna wanka. Ga lambuna kore shar: alayyahu, latas, tumatur, yakuwa, injin ban-ruwa yana ta ƙara.

To a nan ne jikina ya yi sanyi. Ruwan da injin yake ja bai da nisa da inda kwatar nan take zuba. Ka gane? Abin da muka watsar da safe, shi ne yake shayar da ganyen da za mu saya a kasuwa. Wanda ake dafawa da sauƙi, amma latas fa ɗanye muke ci. Ta irin wannan hanya ce ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa suke komawa cikin mutane. Kuma kada a ɗora wa manomin laifi, shi ma ruwan da ya samu ne.

Hanya ta biyu da sharar take dawo mana ita ce ambaliya. Leda ba ta ruɓewa da wuri. Tana taruwa a bakin kwalbati, ta riƙe yashi da tarkace, har ta toshe hanya. In aka yi ruwan sama mai ƙarfi a Agusta ko Satumba, kogi ya cika, kwata kuma ta rasa inda za ta zuba, sai ruwan ya juyo cikin gidaje. Ƙara da cewa mun gina gidaje a fadama, wurin da kogi yake shimfiɗa ƙafa in ya cika. Manyanmu ba su manta da ambaliyar Satumbar 2003 ba, lokacin da kogin ya shiga unguwanni irin su Barnawa da Nasarawa.

Kuma tafiyar ba a Kaduna take ƙarewa ba. Kogin nan daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa garinmu, ya wuce madatsar Shiroro, ya haɗu da Kogin Neja kusa da Pategi, tafiyar kusan kilomita 550. Neja kuma ya zarce har Tekun Atlantika. Ashe mu da muke cewa ba mu da teku, kwatar ƙofar gidanmu hanyar teku ce.

Wani abu kuma: tun rikicin shekarar 2000 muka saba kallon kogin nan kamar iyaka, waɗannan a kudu, waɗancan a arewa. Amma da ka tsaya a bakinsa za ka ga ruwa ɗaya ne yake wanke gaɓa biyun. In ya ƙazantu ko ya yi ambaliya, ba ya tambayar kowa addininsa.

To me za mu yi? Gwamnati da nata aikin: kwashe shara a kan lokaci, yashe manyan magudanai kafin damina, hana gini a hanyar ruwa. Mu matsa mata a kan haka. Mu kuma mu daina jiran hadari ya haɗu sannan mu juye bola a kwata. A wanke ganye sosai da ruwa mai tsafta. Samarin kowane layi su ware rana ɗaya su yashe tasu kwatar, su kuma kwashe abin da suka fitar, kada a bar shi a gefe ruwa ya mayar.

Aikin gida na wannan mako: ku samu abokai biyu ko uku, da rana tsaka ko da yamma kafin duhu, ku bi kwatar unguwarku har ƙarshenta. Ku ɗauko hoto, ku faɗa mana abin da kuka gani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.