Zauren karrama tsofaffin 'yan wasa: me ya sa jami'o'inmu ke buƙatarsa?

A kowace shekara jami'o'in Amurka da Kanada kan kira wasu tsofaffin ɗalibansu da suka yi fice a wasanni, su saka sunayensu a wani zaure na musamman, wanda a Faransanci ake kira temple de la renommée. Al'adar ta samo asali ne daga manyan wasanni: zauren ƙwallon baseball na garin Cooperstown ya buɗe a 1939, na ƙwallon kwando kuma aka kafa shi a Springfield a 1959. Daga baya makarantu suka ɗauka, kowace tana ajiye tarihin 'ya'yanta.

Yadda abin ke tafiya

Tsarin ba shi da wuya. Jami'a kan kafa kwamiti na malamai, masu horarwa da tsofaffin ɗalibai. Ba a duba sunan ɗan wasa sai ya yi wasu shekaru da barin makaranta, galibi biyar zuwa goma, domin zafin soyayya ko na adawa ya huce, a auna shi da abin da ke rubuce. Wanda aka zaɓa ana liƙa allo mai ɗauke da sunansa, hotonsa da nasarorinsa. Wani lokaci har lambar rigarsa ake jinginewa, ba mai sake sa ta.

'Yan Afirka da dama sun bi ta wannan hanya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya yi wa jami'ar Houston ƙwallon kwando daga 1981 zuwa 1984, kuma jami'ar ta jingine lambarsa, 34, kafin a shigar da shi zauren Springfield a 2008. Noureddine Morceli na Aljeriya, wanda ya ci zinare a tseren mita 1500 a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, shi ma ya yi karatu da horo a kwalejin Riverside da ke California kafin duniya ta san shi.

Mu ma muna da tamu hanyar

Karrama gwani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shago ɗan dambe ya daɗe da barin fage, amma sunansa bai ɓace ba saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. A Nijar, gasar kokowa ta takobin ƙasa ta fara ne a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, yau kuma filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Na Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa, na Dosso kuma na Salma Ɗan Rani. Yaron da ya shiga filin zai tambayi ko wane ne wannan, a ba shi labari.

Ɗan wasan makaranta ba shi da makaɗi, ba shi da maroƙi. Gasar jami'o'in Najeriya, NUGA, tana gudana tun 1966, ɗaliban Zariya da Kano da Sakkwato sun sha halarta. Haka ma ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na Maraɗi, Tawa da Damagaram suna karawa a tsakaninsu. Sai dai abin da aka saba gani shi ne kofi a saman kabad ɗin wani ofis, ƙura ta rufe shi, ba sunan waɗanda suka ciyo shi. In mai horarwar ya yi ritaya, labarin ya bi shi gida.

Abin da ake asara

Issaka Daboré ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani a Munich a 1972. Sai bayan shekara 44 ƙasar ta sake samun wata lambar Olympics, lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a taekwondo a Rio a 2016. Daboré ya rasu a Disamban 2021. Tsakanin mutanen biyu akwai ɗaruruwan matasa da suka yi gudu, suka yi dambe, suka buga ƙwallo da sunan makarantunsu. Kowane daga cikinsu abin koyi ne ga na baya, in da an ajiye sunansa inda za a gani.

Wannan ya fi shafar 'yan mata. Uban da ke shakkar barin 'yarsa ta shiga fili zai fi natsuwa in ya ga hoton wata da ta yi wasan, ta gama digirinta, yau tana aikin likita ko koyarwa.

Damar Tamanrasset

Jami'ar Tamanrasset, mai ɗauke da sunan Amenokal Alhaji Musa Ag Akhamouk, matashiya ce in aka kwatanta ta da ta Aljas ko ta Zariya. Wannan ƙuruciya riba ce: ɗalibanta na farko suna raye, hotunansu na hannunsu, masu horar da su ana iya samun su. Garin kuma mahaɗa ce ta Abzinawa, Larabawa da Hausawa, a kan hanyar da ke gangarawa In Guezzam zuwa Arlit da Agadas, don haka duk abin da aka fara a nan zai yi saurin isa kudu.

Ba sai an gina sabon bene ba. Bango ɗaya a ɗakin karatu ya isa, da rajistar sakamakon kowace gasa, da kwamiti mai ƙa'idoji a rubuce domin kada zaɓen ya koma na sanayya, da rana ɗaya a shekara da za a gayyato waɗanda aka zaɓa tare da iyalansu. Aikin farko shi ne a zauna da tsofaffin masu horarwa a rubuta sunayen, tun suna iya tunawa.