Masaukin Matafiya Kusa Da Filin Jirgin Sama Na Kano

Zuwa ga Hakimai da Malamansu na ƙasar Gumel.

Kowace shekara mutanenmu na Ɗanzomo, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar suna tafiya Kano don su hau jirgin sama. Waɗansu Umra za su, waɗansu fatauci, waɗansu neman magani a Masar, waɗansu kuwa karatu. Da yake talaka wurin Hakiminsa yake fara neman shawara, an ga ya kamata a bayyana muku yadda baƙo zai sami masauki mai kyau ba tare da ya ɓarnatar da guzurinsa ba.

1. Dalilin kwana a Kano

Filin jirgin Kano tsoho ne, tun 1936 jiragen fasinja suke sauka a cikinsa, yanzu kuwa ana kiransa da sunan Malam Aminu Kano. Daga Gumel zuwa can kamar kilomita 120 ne, ta Gujungu da Gezawa. Mai fita ƙasar waje ana bukatarsa a filin awa 3 kafin tashi, jirage kuwa da yawa da dare ko da asuba suke tashi. Wanda ya ce sai ran tafiya zai bar gida, in mota ta lalace a hanya, jirgi ba ya jiransa. Ban da wannan, daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan hana jirgi tashi, mutum ya kwana biyu bai shirya ba. Saboda haka lalle ne ya ware kuɗin kwana ɗaya bayan wanda ya yi niyya.

2. Inda za a sauka

A zamanin da, fatake a Fagge suke yada zango, kowa da fatomansa, shi ke ba shi ɗaki, ya tsare masa kaya. Har yanzu wanda ke da ɗan'uwa ko maigida a Kano ya fi kowa dacewa. Wanda ba shi da kowa sai otal. Motocin ƙasarmu a Yankaba suke sauke mutane, daga nan Bompai da Sabon Gari da Titin Filin Jirgi duk ba nisa. Masaukan Bompai da Nasarawa sun fi tsada, amma sun fi shiru. Na Sabon Gari akwai masu araha da yawa, sai dai waɗansu akwai hayaniya da kiɗa har tsakar dare, ba su dace da dattijo ko mai iyali ba. Kada a sauka can cikin birni don ragin kuɗi kaɗan, gama abin da aka rage zai tafi a kuɗin mota.

3. Abin da za a duba

Araha ba ta ado. Kada mutum ya biya sai ya ga ɗakin da idonsa. Ya buɗe famfo ya ga ko akwai ruwa. Ya tambayi ƙarfe nawa ake tada inji in an ɗauke wuta, da ƙarfe nawa ake kashewa, don a watan Afrilu ɗaki marar fanka ba ya kwantuwa. Ya dubi makullin ƙofa da ragar taga saboda sauro. Ya ga ko akwai mai gadi, da masallaci kusa.

4. Sha'anin kuɗi

A tambayi jimlar kuɗi tun farko, don manyan otal suna ƙara haraji na kashi 7.5 cikin ɗari, waɗansu har da ladan hidima. Galibi kwana yana ƙarewa ƙarfe 12 na rana, wanda ya wuce haka akan nemi ƙari. A karɓi rasit. Mutum biyu ko uku na gari ɗaya suna iya haɗa kuɗi su kama ɗaki, in masu otal sun yarda. Kada a aika wa kowa kuɗi ta waya don ya ce zai kama ɗaki, sai wanda aka sani.

5. Zuwa filin jirgi

Tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, abin hawa da asuba kuwa yana da wuyar samu. A shirya da direba tun da yamma, a yanke kuɗi, a karɓi lambarsa. Fasfo da tikiti da katin rigakafi su kwana a jikin mai su, ba cikin akwati ba.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wa Dagatai da Masu Unguwa wannan bayani. Malamai kuma su rubuta wa kowane matafiyi ranar tashinsa, da sa'a, da sunan masaukinsa, musamman tsofaffi da mata waɗanda ba su taɓa fita ba, su bar kwafi ɗaya a ofishin Hakimi. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya komo da shi lafiya.