Man Giyar Injin Jirgin Ruwa: Duba Na Minti Goma Da Ke Hana Asarar Giyabos

Matashin Gwarzo ko Kabo ba baƙon ruwa ba ne. Ga dam ɗin Guzu-Guzu a Kabo, ga Challawa a Ƙaraye, ga kuma Watari a Bagwai, inda kwalekwale ya kife ranar 30 ga Nuwamban 2021, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin wancan hatsari, amma injin da ya tsaya cak a tsakiyar ruwa da fasinja shi ma hatsari ne. Wani lokaci kuwa matsalar daga man giya take farawa.

Mene ne aikinsa?

A can ƙasan injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale, ɓangaren da ke nutse cikin ruwa, akwai ƙaramin giyabos. Shi ke karɓar ƙarfin da ya sauko daga inji ya juya farfela, gaba ko baya. Haƙoran giyar da boris ɗinsu cikin mai suke iyo, kuma robar sil ce kaɗai ke tsakanin man da ruwan dam. Kada a haɗa shi da man da ake zubawa cikin fetur; wannan daban, wancan daban.

Babban maƙiyin sil shi ne zaren koma da na fatsa. Idan ya naɗe a sandar farfela, a hankali yake yanka robar, ruwa ya shiga, mai ya fita. A ruwan da masunta ke aiki kullum, sai an riƙa cire farfela ana leƙawa.

Yadda ake dubawa

Tsayar da injin a miƙe, ka tara kwano a ƙasa. Za ka ga kusoshi biyu a jikin giyabos, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kwance ta ƙasa da sukundireba, sannan ta sama, mai zai zubo. Sai ka karanta abin da ya fito:

Idan ya yi fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Sabon mai kaɗai ba zai yi magani ba, sai bakanike ya duba sil.

Idan baƙi ne ƙirin mai ƙaurin ƙuna, ya daɗe ko ya sha zafi.

A injuna da yawa kusar ƙasa tana da mayen ƙarfe. Lallausan garin ƙarfe a kanta ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi na nufin haƙoran giya sun fara cin juna.

Daga ƙasa ake cikawa

Nan mutane da yawa ke kuskure. Ta ramin ƙasa ake matsa sabon mai har sai ya ɓullo ta na sama, domin iska ta fice. Idan ta sama aka zuba, iska kan maƙale, a ga kamar ya cika alhali da saura. Da ya ɓullo, ɗaure kusar sama tukuna, sannan ka zare bakin robar man ka yi maza ka ɗaure ta ƙasa. Kowace kusa a sa mata sabuwar wosha.

Man giya na jirgin ruwa ake so, galibi SAE 90 ko 80W-90, ba baƙin man mota ba. Kamfanoni irin su Yamaha kan ce a canza shi duk bayan awa 100 na aiki, sabon inji kuma tun bayan awa 10 ko 20 na farko, gwargwadon samfurinsa.

Inda wayarka ta shigo

Ƙananan injuna da yawa ba su da agogon ƙirga awanni. Mai aikin awa 4 a rana zai cika awa 100 cikin kwana 25 kacal, ba shekara ba. Saita tunatarwa a kalandar wayarka. Ɗauki hoton lambar samfurin da ke jikin injin, ka nemo littafinsa a intanet don sanin ainihin yawan man da yake ɗauka. Idan launin man ya ba ka shakku, haska shi da fitilar waya ka tura wa bakanike hoto ta WhatsApp kafin ka sake shiga ruwa.

Tsohon man kuma a zuba shi a galan a rufe, kada a tuttular a bakin dam. Da ruwan nan ake noman rani, shi dabbobi ke sha, daga cikinsa kuma kifin da za a kai kasuwa ke fitowa.