Ƙyale Yaro Ya Warware Da Kansa

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Jama'a masu sauraro, iyayenmu maza da mata na Totsi, da 'yan'uwa na Agoè-Zongo, da duk inda muryarmu ke kaiwa a birnin Lome:  Shirinmu na yau a kan 'ya'yanmu ne: yadda za mu rene su su iya tunani da kansu, su fita daga matsala ba sai an riƙe musu hannu ba.

Ku dubi ɗan shekara takwas a unguwar nan. Uwarsa ta ba shi dala ɗari ta ce ya sayo gawayi da tattasai. Da Hausa ta faɗa masa kuɗin. Mai tebur kuwa da harshen Mina za ta gaya masa farashi, a makaranta kuma da Faransanci aka koya masa lissafi, inda dala ɗarin nan take sefa 500. Kafin ya dawo gida ya juya kuɗin cikin harsuna uku, ya taya, ya ƙirga canji, ya ratsa titi tsakanin 'yan zemijan masu haya da babur. Babu wanda ya tsaya a kansa. Amma da ya shigo ya ce, "Inna, me ya sa gawayin yau ya fi na jiya tsada?" sai a ce ya cika surutu. In kuwa babansa ya yi wa tambayar, to ya zama marar kunya. A kasuwa mun amince da ƙwaƙwalwarsa, a tsakar gida mun toshe masa baki. Abin nan yana damuna ƙwarai.

Kakanninmu ba da toshe baki suka iso bakin tekun nan ba. Fatake ne, masu bin hanyar goro zuwa Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, da yawa suka koma Kete-Krachi, wadda ta kasance ƙarƙashin Togon Jamusawa, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. A 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka mayar da jama'a arewa da gari, wajen Agoè, suka sake kafa gida da ciniki tun daga tushe. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya fitar da littafi a kan fataucinsu a 1983. Yadda maigida ke horar da yaronsa a wannan sana'a sananne ne: ya ba shi ɗan jari, ya sake shi, da yamma a zauna a yi lissafi. In ya faɗi, a tambaye shi inda ya faɗi, gobe kuma a sake ba shi. Da ƙananan asarori ake sayen hankalin ɗan kasuwa, kuma maigidan da ya san abin da yake yi bai taɓa ganin kuɗin nan a matsayin ɓarna ba.

(Ɗan kiɗa)

Mu leƙa maƙwabta. A Djidjolé, nan kusa da mu, wani mai zanen gine-gine, Sénamé Koffi Agbodjinou, ya buɗe wani wuri mai suna WoeLab a 2012, inda matasa ke taruwa suna ƙere-ƙere. A 2013 ɗaya daga cikinsu, Afate Gnikou, wanda labarin ƙasa ya karanta ba aikin injiniya ba, ya bi juji yana tsinto tarkacen tsofaffin kwamfutoci da na'urorin buga takarda. Da su ya haɗa injin da ke narka roba yana ɗora ta hawa-hawa har ta zama abin da aka zana masa. Aka sa wa injin suna W.Afate, kuma a 2014 ya ci kyauta a Barcelona ta ƙasar Sifen. Tarkacen da muke wucewa kullum ne ya yi wannan. Saboda haka idan kuka tarar da yaro ya kwance mataccen rediyo, ko yana lanƙwasa waya yana haɗa mota da gwangwanin madara, don Allah ku ajiye bulala. Ku tambaye shi abin da yake nema. 'Ya mace ma haka. Wadda ta iya riƙe farantin talla ta dawo da kuɗi cif, ta iya riƙe sukuddireba.

Na san abin da wasu dattawa ke tsoro, kuma tsoronsu yana da tushe. Muna zaune a ƙasar da ba mu ne masu rinjaye ba, ladabi da addini su ne katangarmu, suna gudun kada tambaya ta zama ƙofar raini. To amma a cikin Suratul Baƙara, Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, kuma aka nuna masa. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya sha gaya wa masu tambayarsa cewa bai sani ba, duk da tarin iliminsa. Uba nawa ne a cikinmu zai iya ce wa ɗansa, "Ban sani ba, zo mu je mu tambayi malam"? Abin koya wa yaro shi ne yadda ake tambaya: ya gaida babba, ya jira a gama magana, ya sassauta murya. Tambayar kanta a bar masa ita.

Kada mu ce makaranta za ta yi mana. Tun da aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2008 azuzuwa suka cika, malami ɗaya ba zai iya bin tunanin kowane yaro ba, ga jarrabawar CEPD ta kammala firamare tana jiran yara, sai a koma hadda. Hadda tana da muhallinta, da ita aka tsare Alƙur'ani a allo. Lissafi kuwa sai an gane shi. In yaro ya kawo aikin gida, kada yayansa ya karɓe alƙalami ya rubuta masa. A ce ya faɗi da Hausa abin da ake nema a wurinsa. Sau da yawa yana cikin faɗa zai ga hanya.

Ga kuma waya. Kullum saƙonni na shigowa a WhatsApp: maganin da ke warkar da kowace cuta, ko wani ya kira ya ce ya tura kuɗi bisa kuskure a mayar masa. Iyaye mata, in irin wannan ya shigo, ku kira yaron da ke karanta muku Faransanci, ku zaunar da shi. Wa ya aiko? A ina ya sani? Me zai samu in mun yarda? Ku sa shi ya duba da kansa ko kuɗin sun shigo, kafin a taɓa ko dala ɗaya. In ya ce, "Inna, wannan ƙarya ce," ku ce ya kawo hujja, in ya kawo ku bi maganarsa, a gaban ƙannensa.

Nan za mu dakata a yau. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)